In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Jawabi A Taron Shekara Na Tsofaffin Ɗalibai



An nemi in ce wani abu a kan sana'ata ta gyaran kwamfuta, sai na ga ya dace in fara da tonon asirin kaina. Tun ban shiga wannan sana'a ba, ina da wata kwamfutar tafi-da-gidanka wadda na zuba aikin shekara biyu a cikinta. Wata rana ta fara wani ƙara, ƙas-ƙas-ƙas. Na ce fanka ce, na share. Bayan mako guda ta ƙi tashi, kome ya salwanta. A ranar na tuna malaminmu na kimiyya, wanda kan ce mu saurari janareton makaranta, domin inji ba ya mutuwa sai ya yi kuka.

To, jama'a, kukan kwamfuta iri-iri ne. Idan fanka tana huci ba tsayawa, zafi ne ya yi yawa. Sau da yawa ƙurar hunturu ce ta toshe ƙofar iska, ko kuma an ɗora kwamfutar a kan katifa ko darduma. Wani lokaci wata manhaja ce ke gallaza mata aiki. Mai Windows ya danna Ctrl, Shift da Esc tare, zai ga wadda ke cin ƙarfin. Idan zafin ya doshi digiri 100, kwamfutar kan rage gudu, ko ta kashe kanta don ta tsira.

Idan kuwa gurnani ne ko karkarwa, to boris ɗin fankar ya cinye, ko wani abu yana taɓa fukafukanta. Canjin fanka ba tsada. Amma fankar da ta yi tsit alhali jikin kwamfutar kamar kasko, ita ce abar tsoro.

Wanda ya cuce ni shi ne kukan faifan ajiya. Wannan faifai yakan juya sau 5,400 a minti ɗaya a yawancin irin waɗannan kwamfutoci, allura tana shawagi a kansa. Ƙas-ƙas ɗin nan allurar ce ta kasa samun hanya. Duk wanda ya ji shi, ya kwashe muhimman takardunsa zuwa filas nan take, kada ya jira gobe. Sababbin kwamfutoci masu SSD ba su da abin da ke juyawa a ma'ajiyarsu, don haka ba sa wannan gargaɗi; ajiyar kwafi ta zama dole ke nan.

Shawarata ita ce, a riƙa ɗora kwamfuta a kan tebur, a kai ta a share ƙura bayan kowane hunturu, in za a hura iska a riƙe fankar kada ta yi gudun wuce kima. Batir da ya kumbura kuma a canza shi ba tare da ɓata lokaci ba, domin yana iya kama wuta.

Ina roƙon Sakatarenmu, tun da rajistar 'yan ƙungiya tana cikin kwamfutarsa, ya yi mana kwafi biyu kafin mu watse. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.