Gumakan Girka da Namu: Jawabi ga Ɗaliban Tukur-Tukur



Na san akwai wanda zai ce, me ya haɗa ɗan Zazzau da gumakan Girka? To, a ba ni aron kunne.

A birnin Atina akwai wani ɗakin bauta mai suna Fatenon, wanda aka kammala shekara 432 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga shekarar 1801, Lord Elgin, jakadan Ingila a Daular Usmaniyya, ya sa aka ciccire sassaƙe-sassaƙen marmara na jikinsa, aka yi Landan da su. A 1816 gwamnatin Ingila ta saye su fam 35,000, ta ajiye a gidan tarihi na British Museum. Girkawa ba su daina neman kayansu ba, har suka buɗe sabon gidan tarihi a Atina a 2009 don kada a ce ba su da wurin ajiya.

Abin lura shi ne, yawancin Girkawan yau Kiristoci ne, ba masu rusuna wa gunkiya Atina ba ne. Shaidar hikimar kakanninsu suke nema. Sun kuwa san zafin asara, domin yawancin mutum-mutumin tagulla na magabatansu narke su aka yi. Shahararren mai jifa da faifai na Mayron ma, da kwaikwayon da Rumawa suka sassaƙa a dutse aka san shi.

Mu dawo gida. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a Nok, can kudancin tsohon lardin Zariya. Bernard Fagg ya bi diddigin irinsu daga 1943, aka buɗe gidan tarihin Jos a 1952. Wasunsu sun girmi Fatenon. Amma a shekarar 2000 sai ga biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato a gidan Louvre na Faris, duk ta ɓarauniyar hanya suka fita. A 2002 Faransa ta amince cewa na Nijeriya ne, ta riƙe su aro na shekara 25.

Mu namu ba jakada ya ɗauka ba. Mu muka haƙa da dare, muka sayar a wulaƙance, wai ai gunki ne. Alhali kuwa da zarar ɓarawo ya birkita ramin, gawayi da tsingaron da masana ke auna shekaru da su sun salwanta ke nan, ko da an dawo da kan daga baya.

Don haka ina roƙon ƙungiyarmu ta shirya mana ziyara zuwa Jos a hutun nan, kowa ya gani da idonsa.