Maganar Ƙanjamau a Bakin Na Gida



A unguwar Muciya, in ma'aikacin lafiya ya zo da lasifika yana kiran mutane gwajin ƙanjamau, da yawa kawar da kai suke yi. Amma in ɗan acaɓa ya ce wa abokin sana'arsa a teburin mai shayi, "Abokina, ni fa na je, ɗigon jini ne daga ɗan yatsa, nan take aka ba ni sakamako," maganar takan shiga.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da cutar a Najeriya. Magani kuwa akwai, kyauta, ga Asibitin Koyarwa na Shika kusa da mu. Kunya da tsoron bakin mutane ke hana zuwa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne aikin iyaye mata masu ɗauke da cutar, waɗanda suka sha magani suka haifi 'ya'ya lafiya lau. In irin wannan uwa ta zauna kusa da mai ciki a layin awo ta ce, "Ƙanwata, kwantar da hankalinki, ga ɗana nan yana makaranta," wace lacca ce za ta kai wannan?

Don haka muna roƙon hukumar yaƙi da ƙanjamau ta jiha, KADSACA, ta ƙara horar da irin waɗannan mutane, har da wanzamai da ungozoma da 'yan kasuwar Samaru da Sabon Gari. A koya musu riƙe sirri, a kuma riƙa biyansu kuɗin mota a kan kari, domin su ma suna da bakunan ciyarwa.