Farfaɗiya: Abin da Masu Bincike Suka Gano, da Abin da Za Mu Iya Yi

Wannan shi ne jawabin da ma'aikatanmu na sashen lafiya suka yi wa wakilan ikilisiyoyin ƙauyuka. Mun buga shi a nan domin a karanta wa jama'a bayan sujada, ko a taron zumuntar mata da na matasa.

  

Yau za mu yi magana a kan ciwon da kowa ya sani amma ba a son ambatonsa, wato farfaɗiya. Da wuya a sami ƙauyen da babu mai ita, kuma mun san yadda ake yi da su. Ana ware wa yaro kwanonsa da moɗarsa, a cire shi daga makaranta. Yarinya takan girma a ɓoye, don idan labari ya fita, ita da ƙannenta ba mai neman aurensu. In mutum ya faɗi a kasuwa sai kowa ya ja da baya, wai kada yawunsa ya taɓa shi. Akwai waɗanda suka ƙone a murhu ko suka nutse a rafi ana tsaye ana kallo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane wajen miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. Ta ce mutum 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa idan sun sami magani daidai, kuma ana iya hana kashi ɗaya cikin huɗu na ciwon tun bai kama mutum ba. A watan Mayu na 2022 ƙasashen duniya suka amince da wani shiri na shekara goma a kan farfaɗiya da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa. Amma shirin da aka yi a Janiba ba zai iso ƙauyenmu da ƙafarsa ba, sai mun san abin da aka gano.

Me ke faruwa a cikin kai?

Ƙwaƙwalwa tana aiki da ƙananan ƙwayoyi biliyoyi masu aika wa juna saƙo da 'yar wutar lantarki marar ƙarfi. Da wannan saƙo ne muke tafiya, muke magana, muke tunawa. Ku ɗauki misalin ƙungiyar mawaƙa. Kowace murya tana da lokacin shigarta. Idan duka suka ɓarke da ihu lokaci guda, waƙa ta lalace har sai sun natsu. Haka ƙwayoyin nan suke yi lokacin da mutum ya faɗi yana jijjiga. Bayan minti ɗaya ko biyu sukan natsu, mutumin ya farfaɗo a gajiye.

Likitoci suna da na'urar da ake manna wayoyinta a fatar kai, ta zana wannan hargitsi a takarda. Akwai kuma na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, masu nuna tabo ko kumburi inda yake. Saboda haka mun tabbata cewa farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu, ko kumfar baki, ko tusa, ko cin abinci a kwano ɗaya. Wanda ya riƙe mai farfaɗiya ba zai ɗauka ba.

Ba kowace farfaɗiya ce ke kayar da mutum ba. Wani yaron zai yi shiru ne kawai, ya zuba ido na ɗan lokaci bai san inda yake ba, malami ya ɗauka rashin ji ne. Haka kuma ƙaramin yaron da ya yi jijjiga sau ɗaya saboda zafin zazzaɓi, yawanci ba farfaɗiya ke gare shi ba, ko da yake dole a kai shi a duba abin da ya kawo zazzaɓin.

Daga ina take zuwa?

Akwai wadda ake gado, akwai kuma wadda likita zai bincika bai ga dalilinta ba. Amma binciken shekarun nan ya nuna cewa a Afirka da yawa daga ciki tabo ne da wata cuta ko rauni ya bari a ƙwaƙwalwa. Za mu ɗauki huɗu.

Na farko, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. A Bilantaya ta ƙasar Malawi likitoci sun bi yara 132 da suka warke daga irin wannan zazzaɓi mai sumarwa. A rahoton da suka fitar a 2010, yara 12 daga cikinsu sun sami farfaɗiya daga baya, alhali cikin yara 264 da aka gwada su da su, ko ɗaya bai samu ba. A 2015 kuma, a wannan gari, aka ba da sakamakon hoton ƙwaƙwalwar yara 168 da zazzaɓi ya sumar. Yara 25 sun rasu, kuma 21 daga cikinsu ƙwaƙwalwarsu ta kumbura ƙwarai. Kumburin ne ke danne wurin da ke sarrafa numfashi, sai numfashi ya tsaya. Darasin a fili yake. Yaron da ke zazzaɓi ya fara jijjiga ko ya suma, kada a jira gari ya waye. Gidan sauro, da maganin rigakafin da ake raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kowane wata da damina, suna kare ƙwaƙwalwa ne. Yanzu kuma akwai allurar rigakafin zazzaɓin. Kamaru ta fara yi wa jarirai a Janairun 2024, Najeriya kuma ta fara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024. Ku tambaya a asibitinku ko ta iso.

Na biyu ya shafe mu sosai, mu masu kiwon aladu, wato tsilar alade. Ku saurara da kyau, don mutane da yawa suna juya maganar. Wanda ya ci naman alade mai ƙwayoyin tsila, wanda bai dahu sosai ba, tsila ce za ta girma a hanjinsa. Ƙwanta yana fita cikin bahayarsa. Idan ya yi bahaya a fili, alade ya ci, aladen ya kamu. Idan kuma ƙwan ya shiga bakin mutum ta hannu marar wanki, ko ruwa, ko ganyen da ba a wanke ba, sai ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta bi jini har ƙwaƙwalwa ta yi ƙulli a can. Ashe ko wanda bai taɓa cin naman alade ba zai iya kamuwa daga wanda ke dafa masa abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren da wannan tsila ta yi yawa, ita ce sanadin kusan kashi 30 cikin ɗari na farfaɗiya. An ƙirƙiro allurar rigakafi ta aladu a Ostareliya, aka gwada ta tare da maganin tsutsa a yankin Mayo-Danay na arewacin Kamaru, kuma rahoton 2010 ya nuna aladun da aka yi wa ba su kamu ba. Amma abin da ke hannunmu yau shi ne masai a kowane gida, wanke hannu da sabulu, ɗaure aladu ko killace su, da dafa nama har ya dahu lugub. Naman da aka ga fararen ƙwayoyi kamar shinkafa a cikinsa, kada a saya, kada a sayar. Akwai maganin da ke kashe tsutsar a ƙwaƙwalwa, sai dai a hannun likita kawai ake shan sa, don idan tsutsar tana mutuwa wurin yakan kumbura.

Na uku, makantar rafi, wadda baƙin ƙuda na bakin ruwa mai gudu ke kawowa. Mun san ta da ƙaiƙayi da makanta. A kwarin kogin Mbam na Kamaru an auna yara tsakanin 1991 da 1993, aka koma neman su a 2017. Waɗanda suka fi yawan tsutsa a fatarsu tun suna ƙanana su ne suka fi samun farfaɗiya. A arewacin Yuganda kuma akwai wani ciwo da ke sa yara gyaɗa kai ba da sonsu ba. Da aka fara raba Mectizan sau biyu a shekara, ana kuma zuba maganin ƙuda a koguna daga 2012, sai aka daina ganin sabbin masu kamuwa. A Janairun 2025 aka tabbatar cewa Nijar ta kawar da makantar rafi, ita ce ta farko a Afirka. Don haka idan masu raba Mectizan suka zo, kada a ce ai idanunmu lafiya.

Na huɗu, sanƙarau. Manya a cikinmu suna tuna annobar 1996. Cikin mutum 5 da suka tsira daga sanƙarau, ɗaya yakan saura da lahani, kamar kurumta ko farfaɗiya. A Maris na 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga iri biyar na ƙwayar cutar a lokaci ɗaya.

Ban da waɗannan, akwai doguwar naƙuda da ke hana jariri iska, da buguwar kai a haɗarin babur. Zuwa awo, haihuwa a hannun ƙwararru da sa hular kwano, duka rigakafin farfaɗiya ne.

Maganar magani

Tsofaffin magunguna irin su fenobabiton da kabamazafin suna aiki, kuma ba su da tsada sosai. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara wani sabo, wanda aka fi sani da sunan Keppra, cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Ma'aikacin lafiya ne zai zaɓi wanda ya dace da irin farfaɗiyar, ya fara da kaɗan yana ƙarawa har faɗuwa ta tsaya.

Maganin ba ya aiki sai ana shan sa kullum. Yanke shi farat ɗaya yana iya kawo jijjigar da ba ta tsayawa, wadda ke kisa. A nan muna roƙon fastoci da masu bishara. Mu yi wa marasa lafiya addu'a, amma kada kowa ya ce wa mutum ya zubar da maganinsa don ya nuna bangaskiya. Ba ma faɗa wa mai ciwon sukari haka. Idan mutum ya yi shekara biyu bai faɗi ba, likita zai iya duba ko za a rage maganin a hankali.

Iyayenmu mata, ga wata magana taku. An gano cewa maganin da ake sayarwa da sunan Epilim yana iya lahanta jariri a ciki, har aka ba da shawara kada a fara ba 'yan mata da matan da ke iya haihuwa in akwai wani. Wadda take shan sa kada ta daina da kanta, ta je a canza mata tun kafin ta yi ciki. Mace mai farfaɗiya tana iya yin aure, ta haihu, ta shayar da ɗanta.

Idan mutum ya faɗi a gabanmu

Mu janye shi daga wuta, ruwa ko hanya, mu sa zane a ƙarƙashin kansa.
Kada mu danne shi, kada mu cusa masa cokali ko tsinke a baki. Ba zai haɗiye harshensa ba.
Kada mu ɗura masa mai, ko jiƙo, ko ruwa, don zai iya shiga huhu. Kada mu kara ƙafarsa a wuta.
Da jijjigar ta lafa, mu kwantar da shi a gefe ɗaya don yawu ya fita, mu zauna da shi har ya dawo hayyacinsa.
Idan jijjigar ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko akwai zazzaɓi, ko mai juna biyu ce, a nemi abin hawa zuwa asibiti nan take.

A gida kuma, mai farfaɗiya kada ya yi girki shi kaɗai a buɗaɗɗen murhu, kada ya je rafi ko rijiya ba rakiya, kada ya hau itace. Rashin barci da shan burkutu suna tayar da ciwon.

Aikin da ya rage mana

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya fi kayar da iyalai shi ne kuɗin mota zuwa asibiti da kuɗin magani wata bayan wata. Zumuntar mata za ta iya ware wani abu daga adashi domin wannan. Matasa za su iya haƙa wa tsofaffi da gwauraye masai. Dattijo ɗaya zai iya raka iyaye wurin shugaban makaranta a mayar da yaron aji. Fasto kuma idan ya ci abinci kwano ɗaya da mai farfaɗiya a gaban jama'a, ya yi wa'azin da ba za a manta ba.

Tambayoyi don tattaunawa

Mene ne mutanen ƙauyenmu suke cewa yana kawo farfaɗiya? Yaya wannan yake shafar yadda muke zama da masu ita?
Gida nawa ne ba su da masai a ƙauyenmu? Ina aladunmu suke yini?
Wane asibiti ne mafi kusa da ke da maganin farfaɗiya, kuma nawa ne kuɗin wata ɗaya?
Idan yaro ya suma da tsakar dare, babur ɗin wa za mu nema?

Muna roƙon kowane wakili ya kawo mana amsar tambaya ta uku a taro mai zuwa, domin mu san inda za mu fara.