Kakana Bai Je Bama Ba

Shugaban ƙungiya, iyayenmu da malamanmu, 'yan'uwa Zazzagawa mazauna Masar, da na gida waɗanda wannan magana za ta iske a mujalla, ina gaishe ku. An ce in tashi in faɗi yadda aka yi na gano kabarin kakana a nan Alkahira. Ni ba masanin tarihi ba ne, fiƙihu na zo karanta a Azhar, saboda haka ku yi haƙuri da ni.

Tun muna yara abin da muka taso muka ji a gida shi ne, kakanmu ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba. An ɗauke shi soja a Zariya lokacin yaƙin Hitila, mahaifina yana ɗan shekara uku, Gwaggo kuwa tana ciki. Bayan wani lokaci saƙo ya biyo ta hannun hakimi cewa ya rasu. Ba a faɗi wuri ba. Da aka gama yaƙi a 1945 sojoji suka fara dawowa, wanda ka tambaya sai ya ce maka daga Bama yake, sai gida kowa ya ɗauka can shi ma ya kwanta. Mahaifina har ya koma ga Allah, in yana yi wa uban nasa addu'a, dajin Bama yake hangowa.

Ba laifinsu ba ne. Runduna biyu manya na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, can aka kai su, ta farko a 1943, ta biyu a 1944, kuma 'yan Arewa sun yi yawa a ciki. Amma ba can kaɗai mutanenmu suka je ba. Kafin nan birged ɗin Najeriya ya yi yaƙi da Italiya a gabashin Afirka, suna cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, suka wuce Habasha. Akwai kuma wasu da ba a cika ambata ba, sojojin aikin ƙarfi, waɗanda aka kawo nan Gabas ta Tsakiya. Su ne masu sauke kaya a tashoshin jirgin ruwa, masu gadin rumbunan makamai, masu gini da gyaran hanya. A bakin mutanenmu duk an haɗe su an ce 'yan Bama.

Shekara biyu da suka wuce na je gida hutu, Gwaggo ta sa aka jawo wata tsohuwar adaka ta mahaifiyarsu daga ƙarƙashin gado, wai in duba mata takardar gona. Ban ga takardar gonar ba, har yau ana nema. Abin da na gani shi ne wata wasiƙa da aka naɗe cikin ƙyalle, ta yi ja, gefenta ya zagwanye. Da boko aka rubuta, kuma da alama wani ne ya rubuta masa, don kakanmu allo ya yi. Ba wani dogon zance a ciki: yana lafiya, a gaida iyaye, a kula da yaro, ya ji an sauka lafiya. A saman takardar akwai sunansa, da wata lamba mai farawa da haruffa, sannan a ƙarshen adireshin an sa M.E.F. Na ɗauki hotonta da waya na dawo makaranta.

Wani abokina da ke karatun tarihi a Jami'ar Alkahira shi ya fara buɗe mini ido. Ya ce waɗannan haruffa uku suna nufin rundunar Ingila ta Gabas ta Tsakiya, wadda hedkwatarta take nan cikin Alkahira. Wanda ke Bama ba zai rubuta haka ba. Wallahi a ranar ban iya cin abincin dare ba. Shekara biyar ina garin nan.

Daga nan na shiga nema, kuma a nan nake so masu irin wannan buƙata su saurara da kyau. Akwai hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashe renon Ingila da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, tana da rajista a intanet, kyauta ake dubawa. Na sa sunan kakana yadda muka san shi, da sunan mahaifinsa, ban samu kome ba. Na yi mako uku ina juya suna. Ashe matsalar ita ce, akawun soja a wancan zamani ba ya tambayar sunan uba. Sunanka zai rubuta, ya liƙa maka sunan gari. Shi ya sa za ka ga rajistar cike da su wane Kano, wane Sakkwato, wane Katsina, wane Zariya, suna iri ɗaya har mutum nawa. Ga kuma rubutun Bature, wanda zai mai da Abdu ya koma wani abu dabam, Muhammadu ya fito ta hanya huɗu ko biyar. Da na bar suna na koma kan lamba, ban yi minti goma ba sai ga shi. Sunan an karkata shi, an ƙara masa Zariya, amma lambar ba ta bar ko ɗigo ba. Rundunar aikin ƙarfi ta Afirka ta Yamma, ya rasu a 1944, an binne shi a maƙabartar yaƙi ta Heliyofolis.

Heliyofolis ita ce Misral Jadida da muke ratsawa in za mu filin jirgi. Maƙabartar tana kan titin Nabil al-Waƙƙad, an buɗe ta a watan Oktoba na 1941, kuma akwai sojoji fiye da 1,700 na yaƙin na biyu a ciki. Da yawansu daga asibitocin soja na kewayen birnin aka kawo su. Ku tuna an gama faɗa a arewacin Afirka tun watan Mayu na 1943, don haka wanda ya rasu a Alkahira a 1944 ba a fagen daga ya faɗi ba. Na faɗa wa gida haka ƙarara. Wani ƙanina bai ji daɗi ba, shi ya fi son labarin da muka saba, na kaka riƙe da bindiga a daji. Na ce masa mutumin da aka raba da matarsa mai ciki aka kawo shi ƙasar da bai san harshenta ba yana ɗaukar akwatunan harsashi a rana, bai buƙatar mu ƙara wa labarinsa gishiri.

Na je ranar wata Talata da safe. Mai kula da wurin ya duba littafi ya nuna mini layi. Ciyawa kore shar, an share ko'ina, duwatsu farare a jere, kowanne tsayinsa ɗaya da na kusa da shi, na hafsa da na kurtu. Na tsaya a gaban nasa na karanta lambar sau uku ina gwadawa da hoton da ke wayata. Na yi masa addu'a, sannan na kira Gwaggo ta bidiyo. Ta haura tamanin, idonta ya yi rauni, sai da jikarta ta matso mata da wayar dab da fuska. Ta daɗe ba ta ce uffan ba. Da ta buɗe baki tambayar da ta yi ita ce, "Sun fuskantar da shi alƙibla?"

Ba kowa ne ya gamsu ba, kuma ya kamata in faɗa. Wani dattijo a danginmu ya ce a zamanin ana shiga soja da sunan wani, musamman in an ɗora wa gari adadin mutanen da zai bayar, to yaya za a tabbatar? Maganarsa tana da hujja. Amsata ita ce wasiƙar daga ɗakin kakarmu ta fito, ta ambaci yaro, ta ambaci haihuwa, kuma lambar da ke kanta ita ce a jikin dutsen. Na nemi takardar ɗaukarsa aiki a wani ofis a gida don in rufe bakin zancen, aka yi ta ce mini in dawo gobe, a ƙarshe aka ce gara ta cinye fayilolin shekarun. A Landan, a gidan adana takardun gwamnati da ke Kew, akwai littattafan da kowace runduna ke rubuta abin da ya faru kullum, sai dai ba safai suke ambaton sunan ƙaramin soja baƙar fata ba. Ina roƙon 'yan'uwanmu na Ingila, in da mai sarari, ya taimaka ya leƙa mana.

Mu ma mun yi sa'a ne da aka sami dutse da suna. A watan Afrilu na 2021 ita kanta hukumar kaburburan ta fitar da rahoto ta amsa cewa a yaƙin duniya na ɗaya aƙalla mutum 116,000, galibi 'yan Afirka da Masarawa, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, har ministan tsaron Ingila ya nemi gafara a majalisa. Wanda kakansa ya tafi yaƙin Kamaru ko na gabashin Afirka a wancan karon, nemansa zai fi nawa wuya nesa ba kusa ba.

Ga roƙona ga na gida. Ku buɗe adakokin tsofaffi tun suna raye. Takardar sallama, littafin albashi, ambulan, katin fansho, duk abin da ke ɗauke da lamba ku ɗauki hotonsa gaba da baya. Kada ku dogara da lambobin yabo da ke rataye a ɗaki, na yaƙin na biyu galibi ba a buga suna a jikinsu ba. In kun ga M.E.F. a adireshi, ku turo wa sakataren ƙungiya. Ban da Heliyofolis akwai maƙabartun soja a Fayid da Tallul Kabir, ta wajen Isma'iliyya, duk tafiyar yini ɗaya ce a je a dawo, kuma mu uku mun riga mun ɗauki alkawarin zuwa bayan jarrabawa.

Gwaggo ta ce in Allah ya ba ta iko ta je Umara bana, a biyo da ita ta Alkahira. Na fara tambayar kuɗin biza da keken guragu.