Kowa Daura da Gidansa

 Karatunmu na yau yana cikin Littafin Nehemiya sura 3.

Sa'ad da Nehemiya ya tashi gina garun Urushalima, ya raba aikin ga jama'a. Firistoci sun kama nasu, haka maƙeran zinariya, da masu yin turare, da 'yan kasuwa. Waɗansu sun gyara sashen da ke daura da gidajensu. Shallum ya yi aiki tare da 'ya'yansa mata. Manyan Tekowa ne suka ƙi sa hannu, an kuwa rubuta wannan a kansu. Cikin kwana 52 aka gama garun.

'Yan'uwa, mu Hausawa mun san gini yakan koya wa mutum zama da mutane. Kakanninmu sun sa zaure a bakin gida domin baƙo ya sami wurin hutawa, sun bar tsakar gida a fili domin iyali su haɗu. Da gayya kuma akan yi ginin.

To, yaya majami'unmu? Sau da yawa mutum biyu ko uku ne suke shirya kome. Zumuntar mata ce take ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa, matasa suke buga tubali, amma ba a nemi shawararsu ba. Sai a gama, a tarar matakala ta fi ƙarfin tsohuwa, tagogi sun yi kaɗan ga zafin bazara, yara ba su da ko inuwar da za su yi makarantar Lahadi. Daga nan gunaguni yakan shigo, wani ya daina zuwa sujada, gini ya tsaya amma zumunci ya rushe.

Wanda aka saurare shi yakan ɗauki wurin kamar gidansa. Shi ne zai share, ya toshe yoyo, ya tarbi baƙo da fara'a. Saboda haka, dattawan ikilisiya, kafin a haƙa harsashi, ku tara kowa, ku fara jin bakin tsofaffi da guragu da masu goyo.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji, ka ba mu tawali'u mu saurari juna, ka gina mu tare cikin ƙauna. A cikin sunan Yesu, Amin.