In Wuta Ta Ɗauke, Biki Bai Tashi Ba

Jawabin da mawaƙa da makaɗan biki na Nima da Mamobi suka gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya



Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu sarakunan zango, malamanmu, magajiyoyi, alhazai da hajiyoyi, da baƙinmu da suka taso daga Kumasi, Lome, Kwatano, Yamai, Maraɗi da Kano, barkanmu da ganin wannan rana. Mun saba tsayawa gabanku don mu wasa ku. Yau kuwa magana muka zo da ita, kuma ba ta liƙi ba ce.

Sana'armu da taku tare suka iso ƙasar nan. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro, suka yi zango a Salaga, ba su baro makaɗansu a gida ba. Da zama ya kawo iyayenmu nan Ankara, aka kafa Sabon Zango, aka kafa Nima da Mamobi, duk gidan da aka aurar da 'ya akwai kalangu a ƙofa, akwai ƙwarya a tsakar gida. Sai a 1965 aka gama madatsar ruwa ta Akosombo, amma kafin nan ba a taɓa fasa kai amarya don rashin lantarki ba.

Da wuta ta wadata, biki ya fito kan titi. Aka kafa rumfuna, aka jera kujerun roba, aka tara manyan lasifikoki. Har mawaƙa da yawa suka koma bin faifai da baki, na'ura na yi musu rabin aiki. Sai dumso ta zo. A watan Agusta na 2012 ƙugiyar wani jirgin ruwa ta fasa bututun iskar gas da ke tahowa daga Najeriya, a tekun Lome. Ruwa kuma ya ja baya a Akosombo. Zuwa 2015, jadawalin rabon wuta ya koma awa 24 babu, awa 12 akwai. 'Yan'uwanmu na Nijar ma sun ɗanɗana irin wannan a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke musu wuta bayan juyin mulki. A waɗannan lokutan ne aka gane mai murya, aka gane mai aron murya.

Mutane na zaton waƙa ba lasifika ɗaga murya ce kawai. Wanda ya ɗauka haka, kafin amarya ta fito muryarsa ta dushe. Abin yana da tsari. Da fari mukan bar tsakiyar titi, domin fili da rumfar tanti suna shanye sauti. Mukan nemi jikin bango mu ba shi baya, ko mu shiga tsakar gida inda ɗakuna suka kewaye mu, murya ta buga ta dawo. Sai a matso da kujeru a yi zobe. Mai kalangu ya sassauta hannu, domin kalangu hawa da saukar magana yake bi, in ya bi a hankali shi ne ke kai kalmar kunnen na baya. Mai waƙa ya gajarta baiti, ya ɗauko numfashi daga ciki ba daga maƙogwaro ba. 'Yan amshi su karɓa, shi ya huta. Sanƙira kuma ya shiga cikin jama'a yana maimaita sunan wanda ake wasawa. A wajen mata, zabiya da ƙwaryarta ba su taɓa neman soket ba. Haka marigayiya Barmani Choge ta yi suna da kiɗan amada, haka Mamman Shata ya cika fili da kalangu da 'yan amshi.

Aikin yana cin jiki. Da hunturu ƙura na busar da maƙogwaro, ga janaretan maƙwabta na ruri ta kowace kusurwa. Wanda ya yi awa biyu a haka yakan kwana da ruwan ɗumi da citta da zuma, wani lokaci ya rasa bikin gobe.

To ga inda gizo ke saƙa. Sau da yawa idan an tashi, uwar biki ko wakilin ango kan ce tunda ba a kunna kayan sauti ba, a rage kuɗin. Alhazai, ku 'yan ciniki ne. In direba ya ɗauko albasarku daga Galmi, ya tarar hanya ta yanke, ya zaga ta nesa har ya sauke muku kaya lafiya a Adjen Kotoku, shin rage masa kuke yi ko ƙari? Mu ma kayan mun sauke, ta hanya mafi wuya.

Don haka muna roƙon ƙungiya abu uku, tunda yawancin bukukuwan da muke zuwa na 'ya'yanku ne.

Na ɗaya, a yanke magana tun ranar ciniki. A faɗi wanda zai kawo janareta da wanda zai zuba mai. A kuma amince cewa in wuta ta ɗauke aka yi waƙa da baki, kuɗi yana nan yadda aka yi.

Na biyu, a tsara lokaci. A sa wasan tsakanin la'asar da magariba, ido na ganin ido, mai liƙi na ganin goshin da yake liƙa wa. Wannan ya fi sauƙi ga tsofaffi, ya kuma raba mu da ƙarar maƙwabta masu jinya da ɗalibai.

Na uku shi ne ya fi damunmu. Zabiyoyin da suka san asalin kowane gida, suka san wace ce kakar amarya da garin da kakan ango ya taso, sun manyanta, kuma yara ba sa zama a koya, domin amshi ba ya ciyar da su. Idan kowane biki ya ware wa 'yan amshi nasu kason daban da na shugaban waƙa, yaro zai zauna. Idan ƙungiya ta buɗe littafi a ofishinta ta rubuta sunayen masu wannan sana'a, daga nan har Ashaiman da Madina, mai neman su zai same su. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta.

Ba gaba muke da lasifika ba, mu ma muna jin daɗinta. Abin da muke tsoro shi ne ranar da za a ɗauke wuta a bikin jikokinku, a duba hagu a duba dama, a rasa wanda zai kira sunan gidanku.

Allah ya ƙara wa ƙungiya haɗin kai, ya buɗe iyakoki, ya tsare direbobi da kaya, ya ba da kasuwa mai albarka. Waɗanda aka ɗaura wa aure Allah ya ba su zaman lafiya. Allah ya maimaita mana.

Wassalamu alaikum.