Tallafin Manyan Kamfanoni: Ta Ina Yake Biyowa?

Iyaye da 'yan'uwa mata na Dutsin-Ma da Kurfi.

Kun sha jin an ce kamfani kaza ya raba tallafi, ku ce to mu ina namu? Babban kamfani ba ya ɗaukar buhun kuɗi ya shigo ƙauye haka kawai. Gidauniya yake kafawa, ya ware mata kasonta. MTN tana ware har kashi 1 cikin 100 na ribarta bayan biyan haraji. Gidauniyar Dangote kuwa a 2011 ta fara ba mata Naira 10,000 kowace, kyauta ba rance ba, amma sau ɗaya. Kun ji ko? Sau ɗaya tak.

Su fa ba su san fuskokinmu ba. Da jerin sunaye suke aiki, kuma yawanci ta hannun ƙaramar hukuma da masu gari yake bi. A nan ake tsallake mu. Shi ya sa nake damun ku da littafin ƙungiya: sunan kowa, zubin kowane mako, wadda ta ci bashi, wadda ta biya. Ranar da aka zo tambaya, sakatariya ta miƙa shi ba kame-kame.

Wanda ya ce ku biya kuɗin fom, ko ya nemi lambar sirrin katinku, ɗan damfara ne. Ku gaya wa shugaba nan take.

In Allah Ya kawo dubu goman, don Allah kada ta tafi a anko. Rabi a ƙara jarin ƙuli-ƙuli ko sarin tumatirin Zobe, rabi a saka a akwatinmu.